Mutumin Da Ke Faɗawa Ya Dawo

Ina shanya bargo a saman bene na ji 'yata Milenka ta daina waƙa.

Na ɗage gefen bargon na leƙa. Tafiya take yi, hannayenta a sake, kanta a miƙe, tana jan ƙafa a hankali tana karkata hagu. Ta nufi gefen da ba shi da katanga. Haka saman gidan surukata yake tun kafin a kawo ni, rodi a tsaitsaye suna jiran ginin da ba a yi ba. Daga bakin nan zuwa titi hawa uku ne.

Ban kira sunanta ba, kada ta firgita. Ban kuma san lokacin da na isa wurin ba. Na dai ji rigar sanyinta a hannuna, muka zube tare a kan siminti. Takalminta ɗaya ya wuce ya tafi, na ji saukarsa a kan rufin wata mota.

"Mama, kin ɓata min," ta ce.

"Ina za ki?"

"Inda Baba yake zuwa."

"Milenka, kin san abin da ke ƙasan can? In kika faɗa fa?"

Ta dube ni kamar ni ce yarinyar. Shekararta biyar, idon ubanta sak.

"Ai in mutum ya faɗa dawowa yake yi. Duhu zai yi kaɗan, sai ya dawo. Kullum ina gani."

Na rungume ta har sai da ta ce ina matse ta. Rana tsaka ce, rana irin ta garinmu El Alto mai ƙona fuska.

Gaskiya ta faɗa, kullum tana gani.

Mijina Limbert ya rasu da daminar da ta wuce. Motarsu ta zame a hanyar tsaunukan Yungas ta faɗa kwazazzabo. Ya bar ni da Milenka, da mahaifiyarsa Basilia, wadda ake kira Doña Basilia don girmamawa, da shagon gem a hawan ƙasa inda yaran unguwa ke biya su yi wasa. Ya kuma bar hannun gem ɗinsa, abin da ake dannawa a sarrafa wasan, shuɗi, wanda ba ya ba kowa aro. A ɗakin sama yake ajiye shi tare da na'urarsa.

Bayan an share makoki Milenka ta danna shi tana wasa. Talabijin ta kawo wasan da ya bari bai gama ba. Wani mutum ne tsaye a cikin ciyawa, a kan tudu, teku a ƙasa. Yarinyar ta ajiye hannun a tebur, ba wanda ya ƙara taɓa shi.

Sai mutumin ya fara tafiya.

A hankali, yana karkata hagu, har bakin tudun. Bai tsaya ba, ya faɗa. Talabijin ta yi duhu. Da ta waye, ga shi tsaye a inda ya fara. Ya ɗan jima, ya sake ɗaga ƙafa.

Farantin da ke hannun Doña Basilia ya suɓuce. Ta durƙusa a gaban talabijin tana kiran sunan ɗanta.

Tun daga ranar hannun ya koma kan saƙaƙƙen zane a gaban hotonsa, da kyandir da ganyen koka da mutanen nan ke taunawa. Kullum da hantsi sai tsohuwar ta kunna wasan. Maƙwabta sun zo sun gani, wasu sun fita da baya suna addu'a. Milenka kuwa a cinyar kakarta take zama, duk sanda duhun ya waye ta tafa ta ce, "Baba ya dawo."

Ni na san mene ne. Na daɗe ina zama a shagon nan, na sha jin yara suna ce min, "Doña, canza min, wannan hannun ja yake yi." Ɗan kan nan da ake murzawa da babban yatsa, wanda suke kira analog, in ya tsufa cikinsa cinyewa yake yi, sai ya riƙa tura abu shi kaɗai. Na faɗa sau ɗaya, aka dube ni kamar na tofa wa hoton yawu. Kuma duk da sanin, in na wuce ƙofar ɗakin na ji sautin takun nan a cikin ciyawa, tsigar jikina tashi take yi.

Na sauko da Milenka, na kulle ƙofar rufin, na rataya makullin a wuyana.

A kicin na tarar da Doña Basilia tana jera ƙananan fuskokin da ake mannawa a burodin matattu. Jibi ce ranar da rayukan matattu ke kawo ziyara, kowane gida ya kafa wa nasa teburin abinci, kuma bana ce shekarar Limbert ta farko, dole teburinsa ya fi na kowa a layin. Gualberto na jingine da ƙofa yana ɓare lemo. Ɗan yayanta ne, shi ke riƙe da shagon yanzu, kuma tun kafin furen kabarin ya bushe ya fara sayo min kaza.

Na tura Milenka ɗaki, na ce, "Mama, yanzu na cafko jikarki a bakin rufi."

Ta ajiye fuskar da ke hannunta, ta yi alamar gicciye.

"Ya kira ta."

"Ba wanda ya kira ta. Kwaikwayo take yi. Tana ganin in an faɗa ana dawowa."

"Ransa bai kwanta ba, Noemi. Ta ina zai kwanta? Matarsa baƙin kaya a jiki, ido a titi. Kin zaci ban san wanda ke raka ki tashar mota ba?"

"Mama, ba maganar Ramiro nake ba. Maganar yarinya nake. Ki bari a gyara hannun nan, ko a daina kunnawa."

"A gyara." Ta maimaita kalmar tana kallona, idonta ya ciko. "Ɗana ya samu ƙofa ɗaya tak da yake leƙo ni, ke kuma ki kira kafinta ya toshe. Ban ga fuskarsa ba, Noemi. A rufe aka kawo min akwatin. Ke kina da ƙuruciya, za ki samu wani. Ni wa zan samu?"

Gualberto ya jefa ɓawon lemo a bokiti.

"Matar ƙanena, ki bar tsohuwa da abin da ke sanyaya mata rai mana."

"Yaya Gualberto, akwai kwali a ƙarƙashin kantarka cike da hannayen da ke ja. Duk matattu ne a ciki?"

Ya yi dariya har da buga ƙofa.

"Waɗancan na 'yan iskan yara ne masu cin gyaɗa a kansu. Wannan na Limbert ne." Ya matso, ya rage murya. "Ni fa hanyata mai sauƙi ce. Ba inda za ki, ba inda yarinya za ta. Ɗakinki ne dai ɗakinki. Rufin ma sai in yi masa katanga."

"Sai na aure ka za ka yi katangar?"

"Siminti ya yi tsada. Mutum ai gidansa yake yi wa aiki."

Doña Basilia ta share ido da gefen mayafinta, ta koma kan fuskokinta.

"In kin cire baƙi ki auri wanda kika ga dama," ta ce. "Amma maestron nan naki, Ramiro mai gyara, ɗan cocin da ba sa kafa wa matattu tebur ne. Uwarsa ma da ta mutu ko ruwa bai ajiye mata ba. Jikata ba za ta tashi a gidan da za a mantar da ita ubanta ba. Nan yake zuwa, nan za ta zauna."

Washegari aka tafi gidan gasa burodi, don ranar ce aka ba mu layi. Wuni ake yi. Gidan na ƙasa ne, ba bene, kuma na damƙa hannun Milenka a hannun maƙwabciyarmu, na sa ta rantse ba za ta saki ba. Na ce kaina ke ciwo, zan biyo su.

Da gidan ya yi tsit na shiga ɗakin. Kyandir na ci. Limbert na kallona daga cikin hoton da murmushinsa na gefe guda. Na miƙa hannu sau biyu ina janyewa.

"Ka yi haƙuri," na ce masa. "'Yarka ce."

Na naɗe hannun a mayafina, na fita ta ƙofar baya.

Rumfar Ramiro tana can cikin wani dogon gini a kasuwar Ceja, a layin masu gyaran waya. Tun Limbert na da rai shi ke yi wa shagonmu gyara. Bayan rasuwar ya ci gaba da zuwa karɓar aiki, yana tsayawa daga bakin ƙofa. Rana ɗaya ya ce min zai jira in cire baƙi, in ma shekara goma ce. Bai ƙara maimaitawa ba, bai kuma daina zuwa ba.

Yana ganina ya ture gilashin aikinsa goshi, ya miƙe.

"Noemi, lafiya? Ina Milenka?"

Na buɗe mayafin. Ya kalli hannun, ya koma ya zauna a hankali.

Na ba shi labarin rufin. Ban yi niyyar kuka ba, amma da na zo kan takalmin sai na fashe da shi. Ya jawo min kujera, ya sauke labulen rumfar.

Ya jona hannun da kwamfutarsa. Wata da'ira ta fito, da ɗigo a tsakiya. Muna kallo ɗigon ya fara rarrafe hagu, ba mai taɓa shi.

"Kin gani," ya ce. "A ciki akwai wata 'yar hanya baƙa, siririya, da ƙarfe ke gogawa. Limbert da ƙarfi yake wasa, kullum yana danne hagu. Ya cinye ta. Na gaya masa tun kafin Kirsimeti."

"Ka gaya masa?"

"Ya ce in ya dawo daga Yungas zai kawo."

A rumfar maƙwabta wani na ciniki a kan gilashin waya. Ɗigon ya kai bango ya tsaya yana rawa.

"Ka canza shi, Ramiro."

Ya cire gilashin gaba ɗaya, ya murza idonsa.

"Aikin ba wuya. Amma ki saurare ni. Yau ni baƙo ne da ba sa so. Gobe in suka kunna bai motsa ba, na zama mutumin da ya kashe Limbert karo na biyu. Gualberto kallo ɗaya zai yi wa hannun nan ya san an buɗe."

"Tsoron Gualberto kake ji?"

"Wane Gualberto? Ko Doña Basilia zan iya jurewa, tsohuwa ce mai ciwo a zuciya. Milenka nake ji." Ya ajiye gilashin a tebur. "Rannan a tasha ta ba ni rabin alewarta. Na kai gida ban sha ba, tana nan a kan taga. Ta yaya zan zauna gida ɗaya da yarinyar da ta san ni na rufe bakin ubanta? Za ta girma tana kallona da shi. Ke kuma kina tsakani, har ki gaji da mu duka."

"To in zuba ido ta faɗo?"

"A'a. Akwai dabara. In fesa masa magani in wanke cikin, ba sai na cire komai ba. Zai lafa. Ba wanda zai ga alama, sai su ce ransa ya kwanta."

"Har yaushe?"

Ya kau da kai. "Wata ɗaya. Ko biyu."

"Sannan ya dawo."

"Sannan ya dawo."

"Abin da ba na so ke nan, Ramiro. Ya tafi, ta yi kuka, ta haƙura, rana ɗaya a kunna ya ɗaga ƙafa. Daga ranar ba mai sake gaya mata cewa matattu ba sa dawowa. Ko ni." Na share fuskata. "Ina son ka. Ban taɓa faɗa ba saboda kayan da ke jikina, yau na faɗa. Amma in aka ce in zaɓa tsakanin aurenka da ƙafar yarinyar nan a ƙasa, ka san abin da zan ɗauka."

"Na sani. Da ba haka kike ba da ban jira ki ba."

Hawaye na bin gemunsa, bai share ba. Ya miƙa hannu zai ɗauki sukundireba. Na riga shi.

"Ba kai za ka yi ba. Nuna min."

"Noemi, ƙarfen narkar da dalmar nan wuta ne."

"Ni ma kullum da wuta nake aiki. In ta tambaye ni wa ya yi, ina so in ce ni ce, kuma ya zama gaskiya."

Ya tashi ya ba ni kujerarsa.

Sai da ya sa na gwada a kan wani mataccen fanel, wato allon cikin hannun gem, tukuna, har hannuna ya saba. Sannan na kwance sukurorin, na ɓare bayan hannun. Ƙura ce a ciki, da ɓurɓushin burodi, da gashi guda ɗaya gajere. Na san gashin. Na ajiye shi a gefe.

"Cire batirin tukuna. Yawwa. Kin ga ƙafafun nan da suka leƙo ta baya? Kowace sai kin narkar da dalmarta kin zuƙe. Kada ki ja da ƙarfi, in kika yage fanel ɗin shi ke nan."

Yana tsaye a bayana, hannayensa a aljihu don kada su yi karambani. Hayaƙin dalma na shiga idona. Ƙafa ɗaya ta ƙi saki, na matsa, ƙarfen ya zame ya sauka a babban yatsana. Na ji ƙaurin fatata kafin na ji zafin.

"Kawo in gani."

"Bari. Saura nawa?"

"Biyu. Ke dai da taurin kai aka haife ki."

Tsohon analog ɗin ya fito, ɗan ƙaramin abu kamar ƙwallon dabino. Ramiro ya ɓalle gefensa da farce ya nuna min. Baƙar hanyar ta cinye ta ɓangare ɗaya har ƙarfe ya fito fari. Na zura sabon, na bi ƙafafunsa da dalma ɗaya bayan ɗaya, na rufe.

Ya jona. Ɗigon ya zauna a tsakiyar da'irar.

Muka jira. Bai motsa ba. Ban san dalili ba, sai na ji kamar yanzu aka zo min da labarin motar.

"Gobe zan zo in tsaya a waje," ya ce.

"Kada ka zo."

"Ba zan shiga ba."

"Ramiro, kada ka zo."

Ya naɗe min yatsan da tsumma mai tsabta.

Kafin su dawo da kwandunan burodi, hannun na kan zanensa kamar ba a taɓa ba. Ranar ba a kunna ba, kowa ya gaji.

Ranar rayuka tun safe aka kafa teburin. Baƙin zane, rake a kusurwoyi don Limbert ya dogara, albasa mai dogon lawashi don ya sha ruwa a hanya. Burodi mai siffar tsani, mai siffar doki, da babba mai fuskar namiji. Ga farantin naman alade da yaji irin wanda yake so, ga kwalbar lemon da yake sha in yana wasa. Dangi sun cika ɗakin, duk a baƙi. An buɗe ƙofa da tagogi don ya samu hanya.

Milenka na cinyar kakarta, an yi mata kitso biyu.

Ƙararrawar coci ta buga tsakar rana, lokacin da suke isowa. Aka kunna kyandirori. Doña Basilia ta ce, "Sannu da zuwa, ɗana," ta danna hannun da yatsa ɗaya, ta janye.

Ciyawa ta fito, da tudun, da teku. Mutumin na tsaye.

Iskar cikin wasan na kaɗa rigarsa. Yana numfashi, kafaɗunsa na hawa suna sauka. Bai ɗaga ƙafa ba.

Aka jira. Wani ƙuda ya shigo ta taga ya sauka a kan naman, wata gwaggo ta nuna shi da haɓa, ba wanda ya kula ta. Kowa talabijin yake kallo. Can mutumin ya juyo da kansa ya kalli ɗakin, yadda suke yi in an daɗe ba a taɓa su ba. Wata mata ta ja numfashi ta toshe baki.

"Limbert," Doña Basilia ta ce a hankali. "Ga mu duka. Ga 'yarka."

Mutumin bai motsa ba.

"Baba, tafi mana," Milenka ta ce.

Gualberto ya ratso mutane. Ya ɗauki hannun, abin da ba wanda ya taɓa yi a gaban tsohuwar. Ya juya bayansa ya duba sukurorin, ya murza analog ɗin kusa da kunnensa, ya shinshina.

"Gwaggo, an buɗe shi. Sabo ne a ciki." Ya dube ni yana murmushi. "Aikin maestro ne. Duk Ceja shi ke sa irin wannan."

Ɗakin ya ɗauki guna-guni. Na miƙe, na warware tsumman yatsana na ɗaga shi kowa ya gani.

"Ni ce. Da hannuna na cire, da hannuna na sa."

Na je gaban Doña Basilia na durƙusa. Na kwance bakin mayafina, na zuba mata tsohon a tafin hannu, da gashin.

"Mama, ga abin da ke tafiyar da shi. Dubi nan inda ya yi fari. Yatsan Limbert ne ya cinye shi, shekara da shekaru. Nasa ne, ki sa a teburin, ya fi burodin nan zama nasa. Amma ba shi ba ne. Da shi ne, Mama, da zai riƙa nuna wa 'yarsa hanyar bakin rami kullum? Limbert da ko kujera ta hau sai ya tashi ya tsaya a bayanta?"

Ta kalli abin da ke hannunta. Ta rufe tafin a hankali ta kai ƙirji.

"A ranar da zai zo," ta ce. "Kin rasa ranar da za ki yi min haka sai ranar da zai zo. Hanya mai nisa ya taho, ya tarar an toshe."

"Ƙofa a buɗe take, Mama. Ga teburinsa."

"Fita min daga gida."

Milenka ta zame daga cinyarta. Ba ta kalli kowa ba. Ta je gaban talabijin ta tsaya, ta ɗora tafinta a kan mutumin. Ta daɗe a haka. Sannan ta juyo.

"Mama, ke kika hana shi?"

"Ni na gyara abin. Wancan ba Baba ba ne, Milenka. Mutumin wasa ne. Hannun ne ya lalace yake tura shi."

"To ina Baba?"

"Motarsu ta faɗa. Ya mutu. Yana maƙabarta, inda muke kai fure."

"Duhun bai waye ba?"

"Bai waye ba."

"In mutum ya faɗa..."

"Ba ya dawowa. Ko babba, ko yaro. Ko uwarsa ta yi ta kira."

Ta tsaya tana kallona. Ranar jana'iza ba ta yi kuka ba, tana ta wasa da furanni. Yanzu na ga abin yana tahowa tun daga cikinta, haɓarta ta fara rawa, ta buɗe baki ba sauti. Da kukan ya fito, har matan da ke zagina a ransu sai da suka sunkuyar da kai.

Doña Basilia ta miƙa hannu. "Zo, 'yar ɗana. Zo wurin Kaka."

Ba ta je ba. Ta faɗo jikina ta cusa fuska a wuyana, tana dukan kafaɗata da hannu ɗaya, ɗayan kuma ya damƙe rigata.

"Yarinyar ta zauna," Gualberto ya ce, ya tare ƙofa.

"Taɓa ta ka gani," na ce.

Ya duba ɗakin yana neman mai goya masa baya. Tsohuwar na kallon tafin hannunta. Ya matsa, amma sai da ya leƙa taga.

"Ga shi can ma ya zo ganin aikinsa. Milenka, kin ga maestro? Shi ya ba uwarki ƙarfen da ta kori babanki."

Na fita da ita. A kan matattakala ta ce in sauke ta, na sauke. Matattakalar gidan tsaye take, ba abin riƙewa, kuma ƙofar titi a buɗe saboda rayuka. Ramiro na bakin ƙofar, hularsa a hannu. Da ya ga fuskokinmu ya ɗora ƙafa a matakin farko.

"Kada ya hau," Milenka ta ce, tana shessheƙa.

Na dube shi, na girgiza kai. Ya kalle ni, ya kalli yarinyar. Ya janye ƙafarsa, ya koma titi, ya ba mu hanya.

Milenka ta leƙa ƙasa. Matattakalar da take saukowa da tsalle tun tana shekara uku. Ta ja da baya har ta jingina da gwiwata, ta laluɓo hannuna, ta kama daidai yatsan da ya ƙone ta matse.

"Mama, riƙe ni da kyau," ta ce. "Kada in faɗi."